Kawu Ya Kwance Hannunsa da Kansa

Daga Allah muke, kuma gare Shi Kawu ya riga mu komawa, wata Laraba da hantsi, a ɗakinsa na hawa na uku a unguwar Arba wa Nus, nan Alƙahira. Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kafin la'asar lungun gidan ya cika maƙil, har sai da maƙwabta suka fito da kujeru da tabarmi.

Na ga kuka iri-iri a kwana ukun nan na zaman makoki. Ɗalibai 'yan Najeriya da Nijar sun zo sun raba izu sun sauke masa Alƙur'ani. Tsofaffin Hausawan Sudan, dangin matarsa, sun shigo cikin farar jallabiya, kowa ya ɗaga hannu ya yi Fatiha a tsaye kafin ya gaisa, yadda suka saba. Amma wanda ya karya mini zuciya shi ne Bamisren mahaucin da Kawu ya yi wa aiki shekara da shekaru, ƙaton mutum wanda ko gaisuwa yake yi sai ka ɗauka faɗa ne. Ko rigar aiki bai cire ba. Ya rungume ni, ya ce "Al-baƙa'u lillah," wato dawwama ta Allah ce, sai ya ɓarke da kuka. Da numfashi ya dawo masa ya ce bai taɓa ganin hannu irin na mutumin nan ba, dabba ba ta sanin an zo mata.

Rana ta biyu wani tsohon ɗalibi, wanda yanzu limami ne, ya sunkuyar da kai ya ce a hankali, "To yanzu wa zai riƙa yi mana tafsirin ɗan dambe?" Dariya ta ƙwace wa rabin tabarmar. Wasu malamai suka haɗe rai. Daga bayan labule na ji Inna, matar Kawu, ta yi dariya ita ma, dariyar ta juye ta zama kuka. A nan na yi niyyar rubuta wannan. Ina tsoron nan da 'yan shekaru a riƙa cewa, ai wani tsohon mahauci ne mai son kallon fim, a tsaya nan.

Mu 'yan gidan fawa ne daga wajen Ƙaura, kuma a gidan fawa dambe gado ne. Kawu ya ɗaure hannu tun yana saurayi, yana zaga garuruwa bayan an gama girbi. A dambenmu in ka kai abokin karawa ƙasa sai a ce ka kashe shi. Kawu ya kashe maza da yawa, amma a bakin wasu na ji haka. Shi labarin sau biyun da aka kashe shi kaɗai yake bayarwa, kuma ya fi kowa jin daɗin labarin. Daga baya ya kama hanyar Makka ta ƙasa, guzuri ya ƙare a Sudan, ya tsaya neman na mota ya tsinci aure. Inna takan ce ba don ita ba da yunwa ta gama da shi tun a tasha. Daga can suka gangaro Masar, hajjin kuwa sai da ya yi furfura ya sauke. Ni karatun Shari'a ya kawo ni, mahaifiyata ta damƙa ni gare shi ta waya, shi kuma tun ranar ya laƙaba mini Shehi, don tsokana.

Kowace Juma'a, in an sauko daga masallaci, ɗalibai ke cika falonsa. Inna ta yi tuwon shinkafa da miyar busasshiyar kuɓewa, a ci, a sha shayi. Sai Kawu ya jawo kujerarsa gaban talabijin. Akwai wani jerin fina-finan damben Turawa da ya ɗauki shekaru ana fitarwa, labarin jarumi ɗaya, tun daga na ɗaya har na bakwai. Kawu ya fara da kaset, ya koma faifai. Ba ya jin Turanci, rubutun Larabcin da ke gudu a ƙasa kuma ya ce ya fi shi sauri. Saboda haka sai ya kashe sautin gaba ɗaya, shi ya zama muryar kowa. In wani sabon ɗalibi mai zafin ustazanci ya ce wannan lagwu ne, wasan banza, Kawu ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, Malam, ka rufe ido ɗaya, ka bar ɗaya ya yi karatu."

Na ɗaya shi ne ransa. Jarumin lebura ne a garejin gyaran mota, ɗaki ɗaya suke da mahaifiyarsa. Kafin ya shiga fili za ka ga yana haɗiyar yawu. Kawu ya nuna allo ya ce, "Kun ga wannan? Tsoro yake ji. Duk ɗan damben da ya ce maka ba ya tsoro, ko maƙaryaci ne ko ba a taɓa naushinsa ba." Akwai wurin da gari ya waye bayan wasa, mutumin ya kasa ɗaga kofin shayi, sai uwar ta riƙe masa yana kurɓa. Kawu kan maido wurin nan sau uku. Ya ce wanda ya shirya wannan ya taɓa shan duka da kansa.

Babban karatunsa kuwa ƙafa ce. "Ku bar kallon hannu," yakan ce. "Hannu ya iya ƙarya, ƙafa ba ta iya ba." A na ɗaya, in an kai turmin ƙarshe, za ka ga ƙafafun jarumin suna jan ƙasa, gwiwa na neman lanƙwashewa. Mu da muke kallon jini da kumburin ido ba mu taɓa lura ba sai da ya nuna mana.

Na biyu ya yarda da shi, ya ce da sauran gishirinsa. A na uku jarumin ya yi arziki, ya koma gidan bene, uwar tasa sau ɗaya aka nuna ta tana ɗaga hannu daga taga, abokin karawar kuma ba abin da ya iya sai ihu da zare ido. Kawu ya ce baƙi sun yi yawa, an fara ƙara wa miya ruwa. A na huɗu aka kai wasan kan jirgin ruwa ana tsuga ruwan sama, aka kawo wani ƙato da ba ya magana. Naushin da zai kayar da bijimi sai jarumin ya sha, ya girgiza kai, ya sake shan wani. Horon da a na ɗaya aka ga wahalarsa, da asuba da gumi da amai, yanzu waƙa ɗaya ake sakawa a gama shi. "Da can naushi ɗaya ciwo ne," in ji Kawu. "Yanzu ɗari ma ado ne. In duka ba ya yi wa mutum komai, me zan zauna in kalla?"

Ranar da muka kalli na biyar ba zan manta ba. Jarumin ya tsufa, ya rine gashi baƙi ƙirin, zai kara da sa'an ɗansa. Har maganar da ya yi wa uwarsa a na ɗaya aka sake sa shi ya maimaita wa wani, ba ta zauna ba. Ana tsakiyar wasa Kawu ya miƙe tsaye.

"Ina ƙafafun?"

Muka duba. Gaskiya ne, daga ƙirji zuwa sama kawai kyamara ke nunawa, tana tsalle daga fuska zuwa fuska don kada a ga hannun ya yi nauyi. Can aka nuna ƙafafu ta baya suna rawa. Kawu ya ce, "Tsaya. Wannan ba ƙafarsa ba ce, aro aka yi. Tasa ta hagu tana ɗan karkata ciki tun a na ɗaya." Muka ɗauko na ɗaya muka saka don mu ƙure shi. Wallahi ga ta nan tana karkata. Mu goma sha wani abu, da masu digiri da masu haddar littattafai, muka zauna muna kallon tsohon nan da ko aji ɗaya bai taɓa shiga ba.

Na shida bai kai rabi ba ya tashi, ya ce gara ya je ya taya Inna wanke tukunya. Na bakwai ni na sayo masa da ya fito, ina murna na yi gwaninta. Ya karɓa, ya yi godiya, ya ɗora a kan firij, Inna ta mai da shi abin ɗora kwandon burodi. Na ce, "Haba Kawu, fim ne fa, kasuwa ce kawai." Ya harare ni. "Kasuwa na sani, a ciki na tsufa. Amma mutum ya gina suna da jininsa, sannan ya dawo yana yankarsa yana sayarwa kilo-kilo? Wannan ba ciniki ba ne, wulaƙanci ne."

Wata Juma'a bayan ɗalibai sun watse, yana wasa wuƙa a baranda, ya kira ni.

"Shehi, ka san abin da ya kashe jarumin fim ɗin nan? Ba a samu wanda zai ce masa khalas ba, wato ya isa haka." Ya gwada kaifin a farcen babban yatsa. "Kai kake riƙe mini ƙafar rago duk Layya. Ran da ka ga hannuna ya fara ƙarya, ka ce mini khalas. Kada ka aiko Inna. Kada ka kawo mini hadisi ka yi ta kewaye-kewaye. Kalma ɗaya."

Na yi dariya na ce, "Tamam, shi ke nan, Kawu."

"Ba tamam ɗin direban motar haya ta mikrobas nake so ba. Kawo hannunka."

Na sa hannuna cikin na damansa, wanda ya fi na hagu girma saboda ɗauri. Ya matse har na ji a ƙashi. Na ɗauki alkawarin da sauƙi, don a raina ranar ba za ta zo ba.

Sai an ga yankan Kawu za a gane abin da na ɗauka. Duk Babbar Sallah Hausawan unguwa da ɗalibai kan haɗu su sayi raguna, a hau da su saman rufin gidan, kuma shi kaɗai ke yanka. A ƙasa yake wasa wuƙarsa, ba a gaban dabba ba. Yana rataya tsohon zanen gado tsakanin wurin yanka da sauran ragunan, don kada wani ya ga ɗan'uwansa. Mutane ma bayan zanen suke tsayawa. Ya ba ragon ruwa, ya shafa wuyansa, ya yi masa magana ƙasa-ƙasa, ya kwantar da shi. Bismillahi, Allahu akbar, ja ɗaya. Ni da ke riƙe da ƙafafu sau da yawa sai na ga jini nake sanin an gama.

Shekara shida bayan alkawarin, a kan rago na ƙarshe, abin ya faru. Ƙafarsa na fara gani, don shi ya koya mini. Ya zo durƙusawa gwiwar ta ƙi, sai da ya sake gyara tsayuwa. Ya ɗora wuƙa, ya ja, ta tsaya a tsakiya. Ragon ya yunƙura, ya shure ni a ƙirji, ya yi wani gurnani da har yau ina jinsa. Kawu ya danne ya ƙarasa. Bai ɗaga hannu ba, saboda haka naman halal ne, wannan babin na karanta shi. Amma ragon ya san an zo masa, kuma ya sha wuya. A bayan zane mutane na ta kabbara, ana cewa hannun Baba sai shi. Kawu ya goge wuƙa, bai dube ni ba.

Naman Sallar nan bai shiga cikina ba. Ta ina zan fara? Mutumin da ya ɗauko ni daga filin jirgi, ya nema mini ɗaki, ya tsaya mini a matsayin uba ranar ɗaurin aurena. A gidanmu ɗa ba ya ce wa kawunsa ka gaza. In na yi shiru kuma, baɗi wuƙar na iya tsayawa gaba ɗaya, a gaban mutane, layyar wani ta zama mushe. Na lallaɓa kicin wajen Inna, duk da an hana ni.

Ba ta ko juyo daga kan kasko ba. "Ni aka ɗora wa?" ta ce. "Kofi biyu ya fasa mini wannan watan, yana cewa santsi ne. Na gani, ya san na gani. Je ka sauke kayanka, ɗana."

Rana ta uku ta Sallah bayan azahar na same shi a baranda shi kaɗai yana juya naman da aka shanya. Na durƙusa.

"Kawu."

"Na'am."

"Khalas."

Ya ajiye naman da ke hannunsa. Da ya juyo, fuskar da na gani ban santa ba, ina jin ita ce mazan da suka kara da shi suka gani.

"A gidana?" ya ce. "Kai da ka saki ƙafar rago ya shure ka? Riƙon ne ba ka iya ba, za ka ɗora wa hannuna. An karanta littafi biyu an zo ana yi wa mutane fatawa. Tashi ka ba ni wuri."

Raina ya ɓaci, don ban saki ƙafar nan ba, kuma ya sani. Ni ma jinin gidan ne, ba a bar ni a baya wajen taurin kai ba. Na ce, "Kai ka sa ni." Na ɗauki takalmana na sauka. Wata huɗu ban taka Arba wa Nus ba, shi ma bai kira ba. Juma'a ta zame mini ranar baƙin ciki. In sauko daga masallaci in koma gida in zauna, matata ta ajiye abinci ta ɗauke. Sau nawa na ce da na yi shiru. Na yi kewarsa ƙwarai, kuma ina jin haushinsa, duka biyun a lokaci guda.

Wata Asabar da safe aka buga ƙofata a unguwar Hadayek el-Maadi. Kawu ne, yana haki. Mikrobas biyu da jirgin ƙasa na metro ya hau, da gwiwar nan tasa, ga benenmu hawa huɗu. Bai ba da haƙuri ba, ni ma ban bayar ba. Ya zaro wuƙar daga cikin tsumma ya ajiye a kan tebur.

"Yalla, sa rigarka. Akwai ragon suna a unguwar Dokki. Kai za ka yanka, ni zan duba."

Haka muka yi sauran watannin. Duk inda aka kira shi ragon suna sai ya ja ni, ya tsaya a kaina yana faɗa. Tsayuwata ba daidai ba, na cika gaggawa, na riƙe wuƙa kamar alƙalami. Maganar baranda kuwa ko da wasa ba mu taɓa tayar da ita ba.

Da Layya ta zagayo, mutane sun taru a saman rufi ana jiransa. Sai ga shi ya hawo, hannunsa na dama a ɗaure da zaren dambe, tsohon zarensa na gida da ya yi shekaru a ƙasan akwatin Inna. Ba wanda ya taɓa ganinsa da shi. Ya tsaya a tsakiya, hayaniya ta mutu.

"Bara hannuna ya yi ƙarya a kan rago na ƙarshe," ya ce. "Ba wanda ya gani sai wannan, kuma ya faɗa mini. Ɗan damben kirki ba ya jira a kwance masa hannu yana kwance a ƙasa. Yana tsaye yake kwancewa."

Ya kama bakin zaren ya shiga warwarewa, a hankali, zagaye bayan zagaye, har hannun ya fito tsirara yana ɗan rawa, kuma bai ɓoye rawar ba. Ba wanda ya tilasta masa faɗin wannan. Da ya ce ya gaji ne kawai, da an yi ta yabonsa har kabari cewa wuƙarsa ba ta taɓa tsayawa ba, ni kuwa ba zan tona ba. Ya miƙo mini wuƙar. Sannan ya zagaya bayan rago, ya durƙusa da ƙyar, ya kama ƙafafun, aikin da ake bar wa wanda ya fi kowa ƙanƙanta. Na ce, "Kawu, don Allah tashi." Ya ce, "Yi aikinka, rago na jira." Na yi bismillah idona cike da hawaye, kuma Allah ya taimake ni, ja ɗaya ne.

Layya uku ya riƙe mini ƙafa. A ta huɗu ciwo ya kwantar da shi. Mako biyu kafin rasuwarsa na je duba shi da rana, ya rame, muryar ta yi ƙasa. Ya ce wa Inna ta ɗaga kwandon burodi ta ba ni abin da ke ƙarƙashi. Na bakwai ne, ko ledarsa ba a yage ba.

Muka kalla mu biyu, ba sauti, yadda ya saba. Fim ɗin ya fi duk na baya lalacewa. Jarumin da ƙyar yake ɗaga hannu, fuska ta sha kwalliya, ana ta kaɗa fitilu don a rufe abin da ba ya rufuwa. Na gyara zama ina jiran Kawu ya fara zuba masa baƙar magana. Bai ce uffan ba har aka gama. Da na juya sai na ga hawaye na bin gefen fuskarsa zuwa kunne.

"Ku daina yi masa dariya," ya ce. "Na zage shi da yawa, Allah ya yafe mini. Duk waɗanda ke kewaye da shi da hannun nan nasa suke cin abinci. Wa zai ce masa ya kwance? Kuma daɗi ne da shi, Shehi, mutane su taru suna jiranka. Ni na sani." Ya huta. "Ranar nan tun kafin ka buɗe baki na san gaskiyarka, wuƙar ta riga ta faɗa mini. Amma da ka yi shiru, wallahi da na sake hawa rufin nan. Da na yi nawa na shida da na bakwai. Allah ya taimake ni da ɗan ƙanwa marar kunya."

Wannan ita ce godiyar da na samu, kuma ta ishe ni har in mutu. Na kama hannunsa, ya matse nawa da ɗan ƙarfin da ya rage.

"Kai fa?" ya ce. "Wa zai faɗa maka?"

Na ce zan yi tunani, na ɗauka akwai sauran Juma'a. Har yau ina duba fuskokin mutanena ban ga wanda zai iya ba, kuma ban tabbata ni zan iya ji ba.

Ya Allah, bawanka ya tausaya wa dabbobinka, bai bari ɗaya ta ga wuƙa ba. Ka tausaya masa, ka yalwata kabarinsa, ka ba Inna haƙuri. Mu kuma ka ba mu wanda zai faɗa mana gaskiya tun muna tsaye.